Hurumin Kotu: Me Ake Nufi Idan Alƙali Ya Ce Ba Shi da Hurumi?

Duk mai sauraren labaran rediyo ya saba jin wannan jimla: "Kotu ta ce ba ta da hurumin sauraren ƙarar." Da an faɗe ta sai ka ga ɓangare ɗaya yana murna ana cewa gaskiya ta yi halinta, ɗaya ɓangaren kuma yana kukan an danne masa haƙƙi. Sau da yawa dukkansu sun ɗauki zancen a baibai. Alƙalin da ya ce ba shi da hurumi bai taɓa gundarin rigimar ba. Bai ce wane ne mai gona ba, bai ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne: wannan magana ba gabana ya kamata a kawo ta ba.

Kalmar ta girmi kotunan zamani nesa ba kusa ba. A wurin iyayenmu, hurumi fili ne da aka keɓe aka yi masa iyaka, kamar hurumin maƙabarta ko na masallacin idi ko makiyayar gari, wanda ba mai ikon ya kafa garma a ciki don ya ga babu kowa. Daga nan aka samu "wannan ba huruminka ba ne", wato ka tsallaka iyakar da ba taka ba. Da aka nemi kalmar da za ta ɗauki ma'anar ikon da doka ta ba kotu na sauraren wata irin ƙara, sai aka dace da ita. Kowace kotu tana da filinta, kuma Kundin Tsarin Mulki ko wata doka ce ta shata mata shi. Alƙali ba ya faɗaɗa wa kansa. Ko da mai ƙara da wanda ake ƙara sun haɗa baki sun ce mun yarda wannan kotu ta yi mana shari'a, yardarsu ba ta ba ta ikon da doka ba ta ba ta ba.

Lauyoyin Najeriya ba sa maganar hurumi ba su ambaci shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta shekarar 1962 ba. A nan ne aka jera sharuɗɗan da har yau ake aiki da su: alƙalin da ke zaune ya zama ya cancanta kuma adadin alƙalan ya cika, batun da aka kawo ya zama yana cikin abin da doka ta ba kotun, sannan ƙarar ta shigo ta hanyar da aka tsara bayan an cika duk matakin da ya kamata a fara cikawa. Idan ɗaya ya faɗi, duk abin da aka yi ya rushe, komai kyan shari'ar, komai yawan shaidun da aka saurara.

To ina iyakokin suke? Babbar Kotun Jiha ita ce mai fili mafi faɗi. Sashe na 272 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta ikon sauraren kusan kowace rigima tsakanin mutane da kuma manyan laifuka, sai abin da aka cire aka ba wata kotu. Sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya wasu batutuwa da ita kaɗai ke taɓawa: kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, kwastan, tafiyar da kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha, sufurin jiragen sama da na ruwa, shige da fice, miyagun ƙwayoyi, makamai, ma'adinai. Mutane da yawa suna zaton kalmar "tarayya" na nufin ta fi ta jiha girma. Matsayinsu ɗaya, kuma duk wanda bai gamsu da hukuncin ko wacce ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa. Rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kuwa, tun gyaran da aka yi wa kundin a 2010, ta koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wanda aka kora daga aiki ya kai kukansa Babbar Kotun Jiha ya yi asarar kuɗin mota da na lauya.

A harkar iyali abin ya danganta da irin auren da aka ɗaura. Auren rajista, wanda aka yi a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar 1970 da ta tsara hakan. Auren Musulunci kuwa, da sakinsa da khul'insa da riƙon 'ya'ya da rabon gado, Kotun Shari'ar Musulunci ake kai su, ko kotun yanki a inda babu ita, kuma ɗaukaka ƙararsu kan je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha kafin a wuce sama. Sai dai sashe na 277 ya taƙaita wannan kotu ga aure, dangantaka, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Nan ne mutanenmu suke yawan tuntuɓe. A ce magada suna rabon gonar mahaifinsu, sai wani maƙwabci da ba ya cikin dangi ya fito ya ce shi ya sayi gonar tun marigayin yana raye. Rigimarsu da shi ta fita daga gado ta koma ta mallakar fili, kuma manyan kotuna sun sha rushe hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a irin wannan, saboda Babbar Kotu ya kamata a ɗaukaka zuwa gare ta. Filin cikin birni mai takardar mallaka daga gwamna ma, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce tun farko Babbar Kotu ce mai sauraren rigimarsa.

Inda abin ya fi taɓa mini rai shi ne ɓangaren laifuka. Kotun majistare ba ta da ikon yin shari'ar kisan kai ko fashi da makami. Duk da haka, nan 'yan sanda kan fara kai wanda suka kama, majistare ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan gyaran hali har ma'aikatar shari'a ta duba fayil ta ba da shawara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce irin wannan ajiya kwana 14 ce da farko, ana iya sabunta ta amma da iyaka, kuma jihohi da dama sun yi tasu dokar mai kama da ita. A aikace fayil kan kwanta. Mutum yana tsare da umarnin kotun da ba za ta iya yanke masa hukunci ba, kotun da za ta iya kuwa ba ta ma san da zamansa ba. Iyalinsa su yi ta zarya ana ɗaga zama, suna zaton shari'a ake yi, alhali ko fara ta ba a yi ba.

Mutanen Kano sun ga aikin wannan kalma ido da ido. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta soke masarautu biyar na 2019, aka mayar da Muhammadu Sanusi II gadon sarauta. Aminu Babba Ɗan Agundi, ɗaya daga cikin masu riƙe da sarauta a Kano, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya yana ƙalubalantar dokar, kuma a watan Yuni Mai Shari'a Abdullahi Muhammad Liman ya ce yana da hurumi, domin an kawo masa ƙarar ne da sunan kare haƙƙin ɗan Adam. Ranar 10 ga Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta ce a'a, gundarin maganar sarauta ce, sarauta kuwa ta Babbar Kotun Jiha ce. Daga nan aka nufi Kotun Ƙoli. Wannan ba sabuwar fatawa ba ce. Bayan gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola, Kanar Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986, Sarkin ya bi irin wannan hanya, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 1989 cewa ana duba babban abin da mai ƙara ke nema ne, ba rigar da aka sa wa ƙarar ba. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, ya kamata ya lura cewa watanni aka kwashe ana jayayya a kan wace kotu ce za ta saurara, gari yana zaune da fargaba.

Shari'ar tsohon gwamnan Abia, Orji Uzor Kalu, ta nuna ɗaya fuskar, ta cancantar alƙali. Tun 2007 hukumar EFCC ta gurfanar da shi, sai Disambar 2019 aka yanke masa ɗaurin shekara 12. Amma kafin nan an riga an ɗaga Mai Shari'a Mohammed Idris zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya dawo ne da izini na musamman don ya ƙarasa aikin da ya faro. Ranar 8 ga Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya zama alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ya daina zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya, ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'a. Aikin shekara goma sha biyu ya tafi, kuma ba a ce komai ba a kan ko an ci kuɗin ko ba a ci ba.

Ni ina ganin hurumi kariya ce da ba za a iya zama babu ita ba. Da babu shi, mai kuɗi zai zagaya ya zaɓi alƙalin da ya san zai saurare shi, ya jawo talaka daga Gumel zuwa Legas a kan rigimar rumfar kasuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake riƙe shi a aljihu. Doka ta yarda a tayar da batun hurumi a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne karon farko, kuma akwai masu ganin gurbin tun ranar farko su yi shiru, sai hukunci ya juya musu baya su fito da shi. Wanda ke biyan kuɗin wannan dabara shi ne gwauruwar da ta sayar da akuyoyinta ta ɗauki lauya. Alƙali yana da ikon tayar da batun da kansa, kuma zama na farko ne lokacin da ya fi dacewa ya yi hakan.

Akwai kuma ruɗanin da fassarar labarai ke jawowa. "An kori ƙara" ana faɗinta ga abubuwa biyu mabambanta. Idan kotu ta saurari hujjoji ta kore ta, magana ta mutu sai dai ɗaukakawa. Idan saboda rashin hurumi ne, an cire ta ne kawai daga jerin shari'o'in kotun, mai ƙara yana iya sake shigar da ita inda ya dace, kuma dokar Babbar Kotun Tarayya ma ta ba ta damar miƙa ƙarar ga kotun jiha maimakon ta jefar. Sai dai lokaci ba ya jira. Wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati wa'adin wata uku kacal doka ta ba su daga ranar da abin ya faru. Don haka wanda lauyansa ya fito ya ce masa an kori ƙara, ya tambaye shi wace irin kora ce, wace kotu ce ke da hurumin, kuma kwana nawa suka rage.