Ilimin dijital a makarantun karkara marasa intanet

Ilimin dijital a makarantun karkara marasa intanet ya ƙunshi hanyoyin da ake bi wajen kai littattafai, bidiyon darussa da manhajojin koyo ga ɗalibai a wuraren da sabis ɗin sadarwa bai kai ba, ko kuma ya kai amma yana da rauni ko tsada. Wani rahoton haɗin gwiwa da UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka fitar a 2020 ya nuna cewa kashi biyu cikin uku na yaran duniya 'yan shekara 3 zuwa 17, wato kimanin biliyan 1.3, ba su da intanet a gidajensu. Yawancin hanyoyin sun dogara ne a kan dabara guda: a kwafo kayan karatu sau ɗaya a inda ake da intanet, a zuba su cikin na'ura, sannan a kai na'urar makaranta.

Asali

Tun kafin kwamfuta ta yawaita, gwamnatoci sun gwada cike giɓin ƙarancin malamai da rediyo da talabijin. Jamhuriyar Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa, a shirin da aka sani da Télé-Niger, Meziko ta kafa Telesecundaria a 1968 domin ɗaliban sakandaren ƙauyuka, Nikaraguwa kuma ta soma koyar da lissafi ta rediyo a 1974.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan karatu na dijital marasa intanet yana da tushe a Najeriya. Cliff Missen na Jami'ar Iowa ta Amurka ya yi aiki a Jami'ar Jos a 1999, inda ya ga yadda tsada da jinkirin intanet suke hana malamai samun kayan bincike. Daga nan ne aka samar da eGranary a farkon shekarun 2000, wanda ke tara miliyoyin takardu da shafuka a kan faifan kwamfuta bayan an nemi izinin masu su.

Yadda tsarin yake aiki

Ana ajiye wata 'yar ƙaramar kwamfuta a ofishin shugaban makaranta ko a cikin aji, ita kuma tana watsa siginar Wi-Fi da ba ta wuce harabar makarantar ba. Duk wanda ke riƙe da waya ko tablet ko kwamfutar tafi-da-gidanka zai haɗa da siginar, ya buɗe shafuka kamar yana kan intanet, ba tare da ya kashe ko sisi a kan data ba, domin duk abin da yake gani daga cikin na'urar yake fitowa. Fitowar 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a 2012 a kan farashin dala 35 ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, saboda na'urar ba ta fi tafin hannu ba kuma ba ta cin wuta sosai. A kanta ne ƙungiyar World Possible ta ɗora wasu nau'o'in RACHEL, tarin darussa da kundayen sani da ake amfani da shi a ƙasashe da dama.

Manhajar Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, tana matse shafin intanet sukutum cikin fayil guda mai suna ZIM. Wikipedia ta Turanci gaba ɗaya, har da hotuna, tana shiga cikin kimanin gigabait 100, abin da katin memori guda zai iya ɗauka. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta fitar a 2017 bayan manhajar da ta gabace ta, KA Lite ta 2012, ta ƙara wani abu da malamai suka fi buƙata: tana ba malami damar raba aiki ga ɗalibai, ya ga wanda ya gama da wanda ya maƙale a wata tambaya. Naƙasun tsarin shi ne kayan suna tsufa, sai wani ya ɗauki filash ya je gari ya sabunta su.

Darasin OLPC

Shirin da ya fi yin suna shi ne One Laptop per Child (OLPC), wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya sanar a 2005 da alkawarin kwamfutar dala 100 ga kowane yaro. An gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, Urugwai kuma ta rungume shi a faɗin ƙasa. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban kwamfutocin, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, IDB, ya wallafa a 2012 a kan makarantun karkara 319 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba, ko da yake yaran sun iya sarrafa na'urar kuma an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Tun daga lokacin ake kafa hujja da wannan sakamako cewa raba na'ura ba tare da horar da malami da ɗaure ta da manhajar karatu ba asarar kuɗi ce, kuma hujjar tana da ƙarfi.

Matsaloli

Wutar lantarki ta fi intanet zama cikas, domin makarantar da ba ta da sabis galibi ba ta da wuta. Ana dogaro da farantin sola da batir, batir kuwa yana mutuwa cikin 'yan shekaru, musamman a ƙasashe masu zafi, kuma kasafin yawancin shirye-shiryen tallafi bai tanadi kuɗin canja shi ba. Ƙurar hunturu, rashin mai gyara a kusa da fargabar sata kan sa shugaban makaranta ya kulle kayan a kabad, wani lokacin ma don tsoron kada a ɗora masa alhakin lalacewarsu.

Sai kuma batun harshe. Mafi yawan kayan da ke cikin waɗannan na'urori da Turanci aka shirya su, bisa manhajar karatun wasu ƙasashe, alhali yaron da ke aji biyu a ƙauyen Jigawa ko Maraɗi da Hausa yake fahimtar darasi. Ana iya sauke Wikipedia ta Hausa ta Kiwix, amma kundin sani ba ya maye gurbin littafin koyon karatu. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da haɗin gwiwar UNICEF da Microsoft a 2022, ya bi manhajar karatun Najeriya, kuma yana da darussa da Hausa, Yarbanci da Ibo.

A gefe guda, shirin Giga na UNICEF da ITU yana ƙoƙari tun 2019 ya tantance wurin da kowace makaranta take domin a haɗa ta da intanet, sabis ɗin intanet na Starlink kuma ya fara aiki a Najeriya a 2023 ta tauraron ɗan'adam. Sai dai kuɗin kayan Starlink da na biyan wata-wata sun fi ƙarfin yawancin makarantun gwamnati na karkara.