Sammacin Kotun ICC: abin da dokar ta ce da abin da ake laƙaba mata

Duk lokacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ICC, ta fitar da sammacin kama wani shugaba, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce tasa ta ƙare, gobe za a gan shi da ankwa a hannu. Wasu su ce takardar banza ce, ba ta hana kowa barci. Haka aka yi a Maris 2023 kan Vladimir Putin, haka aka sake yi a Nuwamba 2024 kan Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant. Duk ɓangarorin biyu ba su duba abin da Yarjejeniyar Roma ta tanada ba, wato dokar da ta kafa kotun, wadda aka amince da ita a 1998 ta kuma fara aiki a Yuli 2002.

Mu fara raba kotuna biyu da ake yawan cakuɗawa saboda duk a birnin Hague suke. Kotun Duniya, ICJ, tsakanin ƙasa da ƙasa take shari'a, kuma can Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila a Disamba 2023. Ita kuwa ICC mutum take tuhuma, wanda ya kai shekara 18 lokacin da ya aikata abin, kan laifuka huɗu kacal: kisan ƙare-dangi, laifukan yaƙi, cin zarafin bil'adama, da kai farmaki kan wata ƙasa.

Sammaci ba hukunci ba ne. Ma'anarsa alƙalai sun ga dalilin da ya isa a gurfanar da mutum, kuma sashe na 63 na Yarjejeniyar Roma ya ce ba a shari'a sai wanda ake zargi yana zaune a gaban kotu. Tsohon shugaban Côte d'Ivoire Laurent Gbagbo ya shafe sama da shekara bakwai a tsare, amma a Janairu 2019 kotun ta wanke shi. Masu cewa za a rataye wane ma su kwantar da hankali, domin babu hukuncin kisa a wannan doka. Iyakarta ɗaurin shekara 30, ko rai da rai idan laifin ya yi matuƙar muni.

Akwai kuma masu cewa tunda Rasha da Isra'ila ba mambobi ba ne, kotun ba ta da hurumi. Sashe na 12 ya ba ta dama ta duba inda aka aikata laifin, ba ƙasar mai laifin kaɗai ba. Falasɗinu ta shiga a 2015, Ukraine kuma ta amince da hurumin kotun a kan ƙasarta tun 2014. Ta nan aka biyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne kamun kansa. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, sai ta jira wanda ake nema ya taka ƙasar da ta sa hannu, ita kuma ta kama shi ta miƙa. A nan sassa biyu na dokar suke neman cin karo da juna. Sashe na 27 ya ce muƙami ba ya kare kowa, ko shugaban ƙasa ne mai ci. Sashe na 98 kuwa ya ce kotu ba za ta nemi wata ƙasa ta yi abin da zai saɓa wa alhakin da ke kanta game da rigar kariyar jami'an wata ƙasa ta daban ba. Duk gwamnatin da ba ta son kama baƙonta, a bayan wannan sashe na biyu take fakewa.

An ga haka ƙarara a Yuni 2015, lokacin da shugaban Sudan na wancan lokaci, Omar al-Bashir, ya halarci taron Tarayyar Afirka a Johannesburg da ke Afirka ta Kudu, mambar kotun, da sammaci biyu a kansa. Wata babbar kotu a Pretoria ta ba da umarnin kada ya bar ƙasar. Alƙalai na cikin sauraron batun, jirginsa ya tashi daga filin jirgin soja na Waterkloof. Jordan ma ta karɓe shi a 2017, kuma a kan wannan ziyara ne sashen ɗaukaka ƙara na ICC ya yanke a Mayu 2019 cewa shugaban ƙasa ba shi da rigar kariya a gaban kotun ƙasa da ƙasa, don haka wajibi ne a kama shi. A wurin kotun, maganar ta ƙare. A wurin gwamnatoci da masana shari'a da dama, har yau ana ja.

To, me ake yi wa ƙasar da ta ƙi kamawa? Ba tara, ba takunkumi. Sashe na 87 ya ba alƙalai damar bayyana cewa ta gaza, su kuma kai ƙararta gaban taron ƙasashe mambobi. Abin da Mongoliya ta samu ke nan bayan ta shimfiɗa wa Putin jar darduma a Satumba 2024. Ƙasa ce da kusan duk man da take ƙonawa daga Rasha yake zuwa, kuma da wuya a samu gwamnatin da za ta jefa talakawanta cikin sanyin hunturu ba mai don ta cika umarnin alƙalai. Tarayyar Turai ta nuna takaicinta a lokacin. Amma da aka zo kan Netanyahu, Faransa ta fito ta ce yana da rigar kariya, Hungary kuma ta karɓe shi a Afrilu 2025 ta sanar da ficewarta daga kotun. Hujjar da aka ƙi karɓa daga bakin Afirka ta Kudu da Mongoliya, ita ce aka ji a bakin Paris, kuma wannan bai yi wa mai son adalci daɗi ba.

Wani ɓangare na rashin daidaiton ma a cikin dokar yake. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya na iya tura wa kotun batun ƙasar da ba mamba ba, kamar yadda ya yi kan Darfur a 2005 da Libiya a 2011. Uku daga cikin biyar masu kujerar naƙi, Amurka da Rasha da Sin, ba mambobin kotun ba ne. Suna iya tura wani gaban alƙalan da su ba su yarda su hukunta su ba, suna kuma iya kare abokansu, kamar yadda Rasha da Sin suka toshe batun Siriya a 2014. Amurka ta wuce nan: ta sa wa mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda takunkumi a 2020, ta kuma sa wa magajinta Karim Khan a 2025.

Duk da haka, wanda ya ce takardar banza ce bai lura ba. Putin bai je taron BRICS, ƙungiyar manyan ƙasashe masu tasowa da Rasha ke ciki, a Johannesburg a Agusta 2023 ba, ta bidiyo ya yi jawabi. Sashe na 29 kuma ya ce waɗannan laifuka ba sa tsufa, sammacin na nan ko bayan mulki ya wuce. Philippines ta fice daga kotun tun 2019, amma a Maris 2025 'yan sandan ƙasar suka tare tsohon shugaba Rodrigo Duterte a filin jirgin saman Manila, aka sa shi a jirgi zuwa Hague kan kashe-kashen da aka yi lokacin da ƙasar tana mamba.