Wahalar ƙuruciya da lafiyar mutum bayan ya girma

Wahalar ƙuruciya, a bakin likitoci da masu binciken lafiyar al'umma, tana nufin munanan abubuwan da kan faɗa wa yaro kafin ya cika shekara 18: duka mai tsanani, zagi da wulaƙanci, lalata da shi, rashin kulawa, ko tashi a gidan da babu kwanciyar hankali. A rubuce-rubucen kimiyya ana taƙaita sunan da haruffa uku, ACE. Bincike na kusan shekara 30 ya nuna cewa wannan wahala takan bi mutum har ya manyanta, ta ƙara masa haɗarin ciwon zuciya, cututtukan huhu da hanta, ciwon damuwa da shaye-shaye.

Asalin binciken

Maganar ta samo asali ne daga wani asibitin rage ƙiba na ƙungiyar kula da lafiya ta Kaiser Permanente a birnin San Diego na Amurka. A wajejen 1985, likitan da ke kula da wurin, Vincent Felitti, ya lura cewa fiye da rabin masu zuwa sukan daina, kuma da yawansu sai ƙibar ta fara raguwa sannan su gudu. Ya shiga zama da su ɗaya bayan ɗaya. Rannan, yana son tambayar wata mata shekarunta lokacin da namiji ya fara kusantar ta, sai bakinsa ya suɓuce ya tambayi nauyinta a lokacin. Nauyin da ta faɗa na ƙaramar yarinya ne, ta kuma fashe da kuka. Da ya ci gaba da tambayar sauran, ya tarar an yi lalata da da yawansu tun suna yara. Ga wasu, ƙibar kamar garkuwa ce da ke kau da idon mutane daga kansu.

Daga nan Felitti ya haɗu da likita Robert Anda na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC. Tsakanin 1995 da 1997 suka tattara bayanan manya sama da 17,000, aka fitar da sakamakon farko a 1998. Nau'o'in wahalar sun kai goma: cin zarafi iri uku, sakaci iri biyu, sai na cikin gida guda biyar, wato dukan uwa a gaban yaro, shaye-shaye, taɓin hankali, rabuwar iyaye da ɗaure wani ɗan gidan a kurkuku. Kowane nau'i maki ɗaya ne, ko sau ɗaya ya faru ko sau ɗari.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suna da aƙalla maki ɗaya, kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas yana da huɗu ko fiye. Abin lura, yawancinsu masu ilimi ne da rufin asiri, suna da inshorar lafiya. Haɗarin kuma hawa-hawa yake, gwargwadon maki. Masu huɗu zuwa sama sun ninka marasa maki sau 4 zuwa 12 a haɗarin maye, shan ƙwaya, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai. Wani nazari na 2009 a kan waɗannan mutane ya gano cewa, cikin waɗanda suka rasu, masu maki shida ko fiye sun riga marasa maki mutuwa da kusan shekara 20.

Yadda wahalar ke shiga jiki

Hanya ta farko a fili take. Wanda ya tashi cikin tsoro yakan nemi abin da zai kwantar masa da hankali: taba, giya, ƙwaya, yawan ci. Su ne ke jawo cutar huhu da hanta daga baya. Amma ko an cire tasirin waɗannan ɗabi'u daga lissafi, ragowar haɗari na nan, musamman a ciwon zuciya.

Ragowar tana da alaƙa da yadda jiki ke amsa firgici. Idan yaro ya ji takun mahaifinsa da ya dawo a buge, ƙwaƙwalwarsa takan aika saƙo ga wasu ƙananan ƙulluttai da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta hau bugawa, suga ya ƙaru a jini, tsoka ta ɗaure. Wannan shiri na ceton rai ne, kuma idan haɗari ya wuce jiki yakan koma daidai. Matsalar ita ce idan kullum dare haka ake, babu kuma babban da zai rungumi yaron ya lallashe shi. Masana a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Jack Shonkoff, suka yaɗa wa wannan hali sunan damuwa mai guba. A hankali takan taɓa ginuwar sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro, tunawa da kame kai, ta kuma dagula garkuwar jiki. A birnin Dunedin na New Zealand, inda ake bibiyar yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, waɗanda aka zalunta suna ƙanana sun fi nuna alamar kumburin cikin jiki a jininsu suna shekara 32. Irin wannan kumburi ne ke share fage ga toshewar jijiyoyin jini.

Akwai kuma batun ƙwayoyin gado. A 2004 ɗakin binciken Michael Meaney na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa 'ya'yan ɓeran da uwarsu ke yawan lasarsu sukan tashi da jikin da ke saurin hucewa bayan firgici, domin kulawar ta sauya yadda wata ƙwayar gado ke aiki. Wannan a ɓera ne; a jikin ɗan Adam hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba, ko da yake ana yawan ambatarta kamar an gama magana.

Iyakar makin, da abin da ke kare yaro

Makin ACE ma'aunin jama'a ne, ba duba ba ne ga mutum ɗaya. Bai bambanta mari ɗaya mai tsanani da azabar shekara goma ba, ya dogara ga abin da babba ya iya tunawa, kuma jerin farko bai ƙunshi talauci, yaƙi, gudun hijira ko mutuwar iyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tambayoyin da suka haɗa da rikicin unguwa da na yaƙi. Shi kansa Anda, a 2020, ya yi gargaɗi a kan amfani da makin wajen yanke wa majinyaci hukunci, domin mutane da dama masu maki mai yawa lafiyarsu ƙalau.

A kan abin da ke kare yaro kuwa, masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner ta bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii a Amurka. Cikin waɗanda suka tashi a hali mafi muni, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne samun babba aƙalla ɗaya da ya tsaya musu, ko kaka ce, ko yaya, ko malami. Lokaci ma yana da nasa tasiri. A wani gwaji da aka fara a 2000 a Bukares, babban birnin Romaniya, an raba yara 136 na gidajen marayu gida biyu, rabi aka ba da riƙonsu ga iyalai. Waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa wajen fahimta da shaƙuwa da masu riƙonsu.