Karatun Rabin Lokaci ga Ɗaliban Sakandare Masu Buƙata ta Musamman

Karatun rabin lokaci tsari ne da makaranta da iyaye ke ƙullawa domin ɗalibin da nakasa, ko ciwo mai daɗewa, ko nauyin fahimta ya hana shi zaman aji daga safe har tashi. A ƙarƙashinsa ɗalibin yana halartar wasu darussa ko wasu ranaku kaɗai, sauran lokacin kuma ya ci gaba da karatu a gida, ko a wata cibiya ta musamman, ko wurin koyon sana'a. Kalmar "rabi" a nan suna ce kawai, domin wani yaron sa'o'i biyu yake iya yi a rana, wani kuwa kwana ɗaya tak ake ɗauke masa a mako. Abin da ya raba wannan tsari da fashin makaranta shi ne sunan ɗalibi yana nan daram a rajista, makaranta ba ta sauke nauyinsa ba, kuma an san aikin da zai yi a lokacin da ba ya cikin aji.

Asali

Maganar "buƙata ta musamman ta fannin ilimi" ta yi ƙarfi ne a Ingila bayan rahoton da kwamitin Mary Warnock ya fitar a 1978, wanda aka gina dokar ilimi ta 1981 a kansa. Kafin nan, sunan lalura ake bi wajen rarraba yara: makafi nan, kurame can. Rahoton ya karkata hankali zuwa ga abin da yaro ke buƙata domin ya koya, ko da wane suna likita ya ba lalurarsa. A Amurka dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati rubuta wa kowane yaro mai nakasa tsarin karatu nasa na kansa. A watan Yuni na 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka hallara a birnin Salamanka na ƙasar Sifen, bisa jagorancin UNESCO, suka amince cewa makarantar kowa da kowa ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wadda Nijar ta tabbatar da amincewarta da ita a 2008, ta mayar da wannan ra'ayi haƙƙi a sashenta na 24, ta kuma ambaci wajabcin yi wa kowane ɗalibi gyara daidai da halinsa.

Rage lokacin aji ɗaya ne daga irin waɗannan gyare-gyare, kuma ƙasashe sun sha bamban a kansa. A Ingila akwai salo biyu. Na farko iyaye ne ke neman yaro ya raba mako tsakanin makaranta da karatun gida, kuma shugaban makaranta ne ke da ikon yarda ko ƙi. Na biyu makaranta ce ke rage wa yaro sa'o'i da yardar iyayensa, hukuma kuma ta ɗauke shi a matsayin mataki na ɗan lokaci, ba mazauni ba. Faransa, wadda tsarin makarantun Nijar ya samo siffarsa daga nata, ta kafa a dokar 11 ga Fabrairu 2005 cewa kowane yaro mai nakasa yana da haƙƙin a rubuta sunansa a makarantar unguwarsu, sa'an nan a tsara masa takardar da ake kira PPS, wadda za ta iya raba lokacinsa tsakanin ajin kowa da wata cibiya. Masu ciwo mai daɗewa kuma suna da tasu takardar, PAI, ga kuma hukumar karatu daga nesa ta CNED mai cike giɓin darussan da yaro bai halarta ba.

Me ya sa sakandare

A firamare malami ɗaya ne ke riƙe da aji shekara guda, ya san wanda ba ya ji sosai, ya san wadda ke yawan kwanciya. A Nijar, da yaro ya shiga siziyam, ajin farko na kwaleji, wato ƙaramar sakandare, sai komai ya sauya. Malamai da yawa ke shiga suna fita, kowa da darasinsa da sa'arsa, kuma yawancin darasi shifta ce ko kwafe abin da ke kan allo cikin Faransanci, da sauri. Shekara huɗu ake yi a kwaleji kafin jarrabawar BEPC, uku kuma a lise, wato babbar sakandare, kafin jarrabawar Bak. Ga balaga da ke zuwa a daidai wannan tsakani, lokacin da tsokanar abokai ta fi ciwo. Sau da yawa kwalejin ya fi firamare nisa da gida, musamman a karkarar Dakwaro, Mayahi ko Gidan Runji a jihar Maraɗi, inda kwaleji ɗaya ke ɗaukar yaran ƙauyuka da dama. Sai dai wannan rarrabuwa ta darussa ita ce kuma ke sauƙaƙa tsarin rabin lokaci: tun da kowane darasi yana da sa'arsa a jadawali, ana iya zaɓen waɗanda yaro zai halarta ba tare da an dagula sauran ajin ba.

Waɗanda tsarin ke yi wa amfani

Ba kowane mai nakasa ne ke buƙatar a rage masa lokaci ba, kuma kuskure a nan yana da yawa. Ɗalibin da shan inna ya taɓa wa ƙafa buƙatarsa keke ce, da ƙofar aji marar tudu, da makewayin da zai iya shiga. Idan aka ce ya riƙa zuwa kwana uku saboda makaranta ba ta gyara ƙofa ba, an ɗora masa laifin gini ne. Haka makaho da ya iya rubutun Braille, mai ɗigo shida, yana iya zaman aji cikakke in ya samu kayan rubutu da mai juya masa takardu.

Inda tsarin ya fi dacewa shi ne inda jiki ko ƙwaƙwalwa ke gajiya kafin rana ta ƙare. Misali mafi kusa a Maraɗi shi ne amosanin jini, wato sikila, ciwon gado da ya yaɗu a ƙasar Hausa. Sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki suna tayar da shi, shekarar karatu kuwa, daga Oktoba zuwa Yuni, ta haɗa hunturun Disamba da Janairu da kuma bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A ɗauki ɗaliba ƴar katiriyam, wato aji na uku na kwaleji, da ke zaune a unguwar Bagalam, kwalejinsu kuma na can wata unguwa. Da hunturu, fitar sassafe a kan kabu-kabu cikin iska ta isa ta kwantar da ita mako guda. Idan aka yarda ta riƙa shiga aji bayan rana ta ɗaga, ta zauna nesa da taga da gorar ruwanta a gefe, a ɗauke mata gudu da tsalle na darasin motsa jiki, to darasin farko kaɗai za ta rasa, ƙawarta kuma ta kai mata littafi da la'asar ta kwafe. Da bazara sai a juya tsarin: ta zo da wuri, ta koma kafin rana ta take. Sa'o'in da aka sadaukar da gangan ba su kai kwanakin da ciwon zai cinye ba.

Mai farfaɗiya ma yakan buƙaci irin wannan sassauci, musamman a farkon shan magani, lokacin da wasu magungunan ke sa barci da kasala. Tasa matsalar ta haɗa da camfi, domin har yanzu akwai masu gudun yawun mai farfaɗiya, alhali ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Zabiya, wanda rana ke ƙona wa fata kuma ganinsa ke da rauni, yana amfana da zama gaban allo da kauce wa tafiyar tsakar rana. Akwai kuma yara masu lalurar otizim, waɗanda hayaniyar aji mai cunkoso ke rikitawa, da masu firgici ko damuwa mai tsanani, waɗanda akan dawo da su aji sannu a hankali, daga sa'a ɗaya zuwa biyu har su saba. Kurma da ya yi firamare da yaren hannu yakan raba lokacinsa: darasi a ajin kowa, bita kuma wurin malamin da ya iya yarensa.

Yadda ake ƙulla shi

Tsari mai inganci a rubuce yake, da sa hannun shugaban makaranta da uba ko uwa ko mariƙi, bayan an ji ta bakin likita, an kuma ji ta bakin ɗalibin da kansa, wanda a wannan shekaru ya san jikinsa fiye da kowa. Takardar tana fayyace darussan da zai halarta, da wanda zai kai masa aikin da ya wuce shi, da yadda za a ba shi maki, da ranar da za a sake zama a duba ko za a ƙara masa lokaci. Wajen zaɓen darussa akan fifita Faransanci da lissafi, saboda nauyin makinsu da kuma yadda kowane darasi a cikinsu ke hawa kan na baya. Tarihi da labarin ƙasa sun fi sauƙin karantawa a gida. Dole ne kuma mai kiran suna ya san da maganar, don kada a riƙa rubuta wa yaro fashi a sa'o'in da aka yafe masa.

Batun maki shi ne ya fi sarƙaƙiya. A tsarin da ake bi, ana ba da maki bisa 20, a ninka na kowane darasi da nauyinsa, sa'an nan a fitar da matsakaici, kuma 10 ne mizanin wucewa. Idan aka sa wa ɗalibi sifili a gwajin da aka yi ranar da ba ya nan bisa yarjejeniya, tsarin ya rushe kansa, domin a ƙarshen shekara maimaita aji ko kora ke jiransa. Mafita ita ce a ba shi gwajin a wata rana, ko a lissafa matsakaicinsa da abin da ya rubuta. Jarrabawar ƙasa kuwa ba ta san rabi ba, manhaja duka take tambaya, shi ya sa wasu ke raba aikin aji ɗaya cikin shekara biyu. A Faransa ana ƙara wa irin waɗannan ɗalibai sulusin lokacin jarrabawa.

A Nijar da Maraɗi

Dokar da ta shimfiɗa tsarin ilimin Nijar, LOSEN ta 1998, ta amince da haƙƙin kowane ɗan ƙasa na samun ilimi, a 2019 kuma aka kafa dokar shigar da masu nakasa cikin harkokin al'umma. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, da makarantar makafi a Yamai. Ƙungiyar Handicap International, wadda ta koma Humanité & Inclusion a 2018, ta yi aikin shigar da yara masu nakasa makarantun kowa da kowa a Yamai da Maraɗi, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, FNPH, tana kuma fafutuka a kan haƙƙinsu. Ƙarfin waɗannan ayyuka ya fi yawa a firamare, alhali a mashigar kwaleji ne yara da yawa ke zubewa.

Sassaucin lokaci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya, wani na safe ne, wani na dare, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. A boko ma, abin yakan faru ta hanyar fahimtar juna: uba ya je ya gaida darakta, ya ce yarinyar ba ta da ƙoshin lafiya, a yi mata haƙuri, darakta ya ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Wannan kara ce mai kyau, amma maganar baka ba ta daɗewa. Da an yi wa darakta canjin wurin aiki, ko sabon malami ya zo, sai a koma gidan jiya.

Suka

Masu kare haƙƙin masu nakasa suna kallon tsarin da taka-tsantsan, kuma suna da hujja. Makarantar da yaro ya yi wa nauyi tana iya fakewa da shi ta sallame shi cikin ruwan sanyi: yau an ce ya zo da safe kawai, gobe kwana biyu a mako, kafin shekara ta ƙare an manta da shi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyar 2006 ya bayyana a sharhinsa na 2016 cewa sanya yaro a aji ba tare da sauya tsarin koyarwa ba bai zama shigar da shi ba, balle a ce an rage masa zuwa ajin ma. Akwai kuma bambancin gidaje. Ɗan ma'aikaci ko ɗan babban ɗan kasuwa zai samu mai yi masa bita da wayar da za a turo masa hoton darasi ta WhatsApp, ɗan manomi kuwa sa'o'insa na gida sukan tafi a banza. Ga ƴa mace haɗarin ya ninka, domin yarinyar da ake gani a gida da hantsi ita ake aike, ita ke reno da talla, kuma a jihar da aurar da yara mata da wuri ya yawaita kamar Maraɗi, zaman gidan kan jawo maganar aure. Saboda haka masana ke shawartar a sa wa kowace yarjejeniya wa'adi na makonni, a haɗa da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata wajen bibiya, a kuma bar wa ɗalibi lokacin shan iska tare da abokansa ko da a ranar da darasi ɗaya kawai ya zo yi.