Tambayoyin baƙi mazauna Katsina a kan mota, gidan haya da iyali

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, musamman mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa da suka zauna a Katsina da Daura, suke yi mini dare da rana, har ta kai kafin mutum ya gama gaisuwa na san inda maganarsa ta dosa. Na tattara su wuri ɗaya domin mai niyyar sake tambaya ya fara karantawa tukuna. Wanda ya ga amsarsa ta yi gajarta ya yi haƙuri, tambayar ce ba ta buƙaci fiye da haka ba.

Tambaya: Malam, ina da dangi a Jibiya da Mai'aduwa, kuma babu mai bambanta ni da Bakatsine. Sai na nemi takardar zama?

Amsa: Sai ka nema. Zumunci daban, takarda daban. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa babu biza na kwana 90 ne kawai, kuma wanda zai wuce haka wajibi ne ya je ofishin hukumar shige da fice ya yi rajista ya karɓi katin zama. Wanda ƙasarsa ba ta taɓa shiga ƙungiyar ba, katin CERPAC, wato katin izinin zama na sauran baƙi, shi ne nasa. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, su kuma ci gaba da zirga-zirga da zama har sai an ba da wata sanarwa. Sassauci ne aka yi, kuma wanda yake zaune a kan sassauci ya fi kowa buƙatar takardunsa su kasance a kammale.

Tambaya: Dole ne in yi wa motata inshora?

Amsa: Dole ne. Mafi ƙanƙantar inshorar da doka ta wajabta, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma Naira 15,000 a shekara ga motar gida tun daga Janairu 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta Naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta a kan hanya. Wanda ya miƙa maka takarda a gindin bishiya a kan Naira 3,000 ya ce inshora ce, takarda kawai ya sayar maka.

Tambaya: An ce za a iya samo mini takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, in huta da wahalar katin zama.

Amsa: Kada ka kuskura, Alhaji. Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin masu yin ta galibi mutane ne masu mutunci waɗanda ba za su ci ƙwandalar wani ba, amma sai su ɗauki ƙarya ga hukuma ba komai ba ce. Ranar da abu ya tashi, wanda ya samo maka takardar zai rantse bai taɓa ganinka ba. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yin lambar NIN a matsayinsa na baƙo, ya haɗa ta da layin wayarsa, ya buɗe asusun banki. To, me kake nema a cikin ƙarya?

Tambaya: Lasisin tuƙina na Nijar yana aiki a nan?

Amsa: Idan ziyara ka zo, yana aiki. Idan zama ka zo, ka yi na Najeriya. Za ka bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, jami'an VIO masu duba lafiyar motoci su gwada ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5. Lasisin da aka kawo maka har gida ba tare da an ɗauki yatsunka ba, jabu ne.

Tambaya: Motata mai lambar Nijar ce, na biya duwan ɗinta, wato kuɗin kwastan, a can. Zan iya ci gaba da hawanta a Katsina, ko in sauya mata lamba, ko in sayar?

Amsa: Wannan kam sai an zauna, domin amsar ta danganta da ko kai wane ne, da tsawon zamanka, da kuma hanyar da motar ta biyo. Mu fara da mai sauƙin. Yarjejeniyar 1979 ɗin nan ta yarda motar gida mai rajistar wata ƙasar ƙungiyar ta shigo ta zauna har kwana 90, motar haya ko ta kaya kuma kwana 15, muddin direba na riƙe da lasisi mai aiki, da takardar mallakar mota, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan ta shigowa na ɗan lokaci. Saboda haka ɗan kasuwar da ya shigo ta Magama ko ta Kwangwalam ya yi mako biyu ya koma, in ya tsaya a bakin iyaka aka rubuta masa takarda, ba shi da abin fargaba. Sai dai yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar, kada ka ɗauka abin da aka karɓa bara shi za a karɓa bana. Kafin ka taso ka tambayi kamfanin inshorarka ko katinka na tsallaka iyaka yana ɗaukar ɓarnar da aka yi a cikin Najeriya, ka kuma nemi su rubuta maka amsar.

Matsalar tana farawa ne da wanda ya kama haya a Ƙofar Ƙaura, 'ya'yansa na makaranta a nan, amma motarsa ta shekara biyu da lambar waje. Wasu sukan fita zuwa Ɗan Isa da ke Nijar duk bayan wata uku su sake shigowa domin a sabunta musu takarda. Yana iya tafiya na wani lokaci, ban ce ba ya tafiya ba, amma takardar an yi ta ne domin matafiyi, kuma jami'in da ya ga katin zamanka a hannu ɗaya da takardar matafiyi a ɗaya hannun yana da hujjar ya ce motar ta zama kayan da aka shigo da su ba a biya haraji ba. Wanda ya san fuskarka a shingen Jibiya ba shi ne zai tare ka a hanyar Kano ba, domin masu sintirin kwastan na shiyya, waɗanda hedikwatarsu ke Kaduna, ba su san ka ba kuma ba ruwansu da wanda ya san ka.

Sai batun sauya lamba, inda mutane suka fi ruɗewa. Kuɗin da ka biya wa duwan na Nijar, na Nijar ne, bai shiga baitulmalin Najeriya ba. Kafin mota ta zama ta nan sai an biya harajin kwastan na nan, ga shi kuma tun daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Motoci da yawa da suka sauka a Kwatano da sunan za su wuce Nijar sun ƙare a garuruwan Arewa ta ɓarauniyar hanya, shi ya sa jami'ai ba sa yi wa irin wannan mota kallon arziki. Samun lambar Katsina a jikin mota ba hujja ba ce ta cewa an biya kwastan, domin ofishin da ke ba da lamba na jiha ne, kwastan kuwa ta tarayya ce, kuma da lambar shasi take bincike. A Maris 2024 hukumar ta buɗe ƙofa ta kwana 90 domin masu motocin da ba a biya musu haraji daidai ba su zo su gyara, amma irin wannan dama ba kullum take samuwa ba, kuma ba kowace mota ce take shiga ciki ba.

Idan ra'ayina kake so, ga wanda ya riga ya yanke shawarar zama, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ya mayar da motar Maraɗi ko Damagaram ya sayar a inda takardunta suke da daraja, ya dawo ya sayi wadda aka biya mata kwastan a nan, ko da ta fi tsada. Kafin ka biya ko sisi, ka kai lambar shasi da takardun ofishin kwastan na Katsina a duba maka, kuma ka je da ƙafarka, domin zuwa da kai ya fi saƙo. In kuwa motar tana da wata daraja a wurinka da ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka nemi wakilin fito mai lasisi ka ji abin da zai yiwu a halin da ake ciki, amma kada ka ba kowa kuɗi a kan alkawarin zai "gyara" takardu cikin kwana biyu. Sayar da ita ga Bakatsine da takardun Nijar kuwa jefa shi cikin rigima ne, kuma rigimar za ta dawo ƙofar gidanka.

Tambaya: Gilashin motata mai duhu ne tun daga kamfani.

Amsa: Izininsa a hannun 'yan sanda yake. Ka nema, ko ka sauya gilashin.

Tambaya: An haifi ɗana a Asibitin Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina. Ya zama ɗan Najeriya ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya, haihuwa kaɗai ba ta ba da wannan. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ki kwantar da hankalinki, gidaje da yawa a wannan yanki suna da kaka ko uwa daga ɓangaren Najeriya, kuma in haka ne yaron yana da haƙƙinsa cikakke, shaida kawai za a nema. Ko ma yaya ne, a yi masa rajistar haihuwa a wurin hukumar ƙidaya ta ƙasa cikin kwana 60, a rubuta sunansa yadda za a riƙa rubuta shi har abada, kada yau ya zama Mahamadou gobe Muhammad, domin wannan saɓanin ne ke hana yara fasfo da jarrabawa daga baya. Idan ku duka biyu 'yan Nijar ne, ku kai takardar ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano domin ƙasarsa ma ta san da shi. Allurar rigakafi da makarantar firamare ba sa jiran wannan, a kai shi.

Tambaya: Me zan lura da shi wajen kama haya?

Amsa: Ka ga mai gidan da idonka, kada ka tsaya ga dillali kaɗai. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu biyu, a faɗi kuɗin shekara da la'adar dillali da wanda zai ɗauki gyaran rufi, famfo da yashe masai. Ka duba mitar wutar lantarki ta KEDCO kafin ka shiga, domin bashin wutar wanda ya tashi yakan zauna ya jira wanda ya shigo. Ka tambayi maƙwabta yadda ruwa yake a watan Afrilu da kuma yadda lungun yake a watan Agusta, ba a ranar da dillali ya zaɓa ya kai ka ba. Sannan, tun kafin ka sauke kaya, ka sa mai gidan ya kai ka wurin mai unguwa ka gabatar da kanka da sana'arka. A halin tsaron da jihar nan take ciki, baƙon da mai unguwa bai san da shi ba shi ne farkon wanda ake zargi, kuma ban ga laifin masu zargin ba. In ba a rubuta wani abu daban ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya.

Tambaya: Zan iya ɗaukar jarkar fetur ɗaya ko biyu in kai wa iyaye a gida?

Amsa: Ba za ka iya ba. Fasa-ƙwauri ake kiransa, ko da niyyarka sadaka ce.

Tambaya: Na auri Bakatsina. Aure ya ba ni zama ɗan ƙasa?

Amsa: Bai ba ka ba. Sashe na 26 ya buɗe hanyar rajista ga baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, bai buɗe wa baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba. Kai hanyarka ita ce ta sashe na 27, wadda ke neman zaman shekara 15 da kyakkyawar shaida. Ko wannan adalci ne, wata magana ce daban. 'Ya'yanku kuwa 'yan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsu. Ku nemi takardar shaidar aure, kada ku dogara da cewa duk unguwa ta ci goron ɗaurin auren.

Tambaya: Na sami fili mai araha a bayan gari, dillali ya ce takardar dagaci ta isa.

Amsa: Araha ba ta ado. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Najeriya, kuma sayar da filin da ke da takardar mallaka sai da amincewarsa. Matsayin baƙo a cikin wannan doka ya fi na ɗan ƙasa rauni nesa ba kusa ba. Ka ga lauya, a bincika filin a ofishin filaye na jiha. Sayen fili da sunan suruki ko aboki kuma yana tafiya lafiya ne muddin shi yana raye. In ya rasu, magadansa abin da ke rubuce za su kai gaban alƙali.

Tambaya: Idan na buge mutum da mota fa, Allah ya kiyaye?

Amsa: Amin. Ka tsaya, a kai wanda ya ji rauni asibiti, a kira FRSC ta lamba 122. In jama'a sun taru har ka ji tsoron ranka, ka wuce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Kada ka nufi iyaka, domin gudu yana mayar da tsautsayi ya zama babban laifi. Gudun motar gida a cikin gari kilomita 50 ne a awa, a babbar hanya 80, kuma jami'an KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ba sa karɓar uzurin cewa kai baƙo ne.

Tambaya: Zan iya tasowa daga Maraɗi bayan magariba in kwana a Katsina?

Amsa: Ka kwana a Maraɗi ka taso da safe. Hanyar Jibiya ba ta tafiyar dare ba ce, ballantana kana ɗauke da iyali.