Me ake nufi da "sassaucin aiki" a masana'antar motar lantarki?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hirar motar lantarki ta shiga har rumfunan makanikai na Apo a Abuja, kuma ta zo da nata kalmomin. Ɗaya daga ciki ita ce "sassaucin aiki". Wasu in sun ji sai su ɗauka ana nufin a yi aiki sakaka, alhali maganar ta iya juya akala ce: masana'anta ta sauya abin da take ƙerawa ba tare da ta tsaya cak ba.

Kamfanin BMW, a masana'antarsa ta Munich a Jamus, tun 2021 yake haɗa motarsa i4 mai batir a layi ɗaya da motocinsa masu shan mai. In kasuwar lantarki ta yi sanyi, sai a ƙara yawan masu shan man; in ta farfaɗo, a juya. Volkswagen kuwa ya mai da masana'antarsa ta Zwickau, ita ma a Jamus, ta lantarki zalla, motar fetur ta ƙarshe ta fito daga can a 2020. Ni dai dabarar farko ta fi kwanta mini a rai, don ba wanda ya san saurin da masu saye za su sauya sheƙa.

Sai dai sassaucin nan ba ya taɓa ma'auni, wato mudu ɗaya da kowa zai yi awo da shi. Buɗe gaban motar lantarki, za ka ga wayoyi masu kauri, masu launin ruwan lemo. Wutar da ke bi ta cikinsu kan kai volt 400, a wasu motocin 800. An daidaita launin ne domin makaniki, ko a Apo yake ko a Jamus, ya san nan ba a kai hannu sai an kashe wutar, an sa safar roba. Rai ake karewa.

Inda mudun ya rabu kuwa, mu ke shan wahala. Bakin cajar Turai CCS2 ne, na ƙasar Sin GB/T, na Japan CHAdeMO, Amurka kuma ta karkata ga na Tesla tun da Ford ya karɓe shi a 2023. Motocinmu daga ko'ina suke shigowa. Sai direba ya isa wurin caji, batir na gab da mutuwa, ya tarar bakin bai shiga ba, ya koma neman adafta cikin rana. Ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya (SON) da ta bunƙasa ƙera motoci (NADDC) su tsayar mana da baki ɗaya tun tashoshin caji ba su yawaita ba.