Ra'ayoyin malaman kimiyya kan ƙirƙirarriyar basira a makarantun Legas

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta shiga azuzuwan Legas ne ta wayoyin ɗalibai kafin hukuma ta tsara mata wuri. Kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a Nuwamban 2022, sannan a 2024 Meta AI ya bayyana cikin WhatsApp a Najeriya. Daga nan ɗan sakandare a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, unguwannin da Hausawa ke da yawa, ya samu mai amsa masa jinga a aljihunsa.

Masu goyon baya cikin malaman fiziks, kemistiri da bayoloji sun fi yaba ta wajen shirya darasi. Malamin da ajinsa ya cika maƙil yana iya tsara tambayoyin gwaji da misalai cikin ɗan lokaci. Akwai kuma batun harshe. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Burokan a titi, Turanci a aji, yakan fi gane yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana idan an sauƙaƙa masa bayanin. Sai dai Hausar manhajojin takan yi tuntuɓe a kalmomin kimiyya, dole malami ya bi ta da gyara.

Damuwar masu ɗari-ɗari ta fi nauyi, kuma tana da tushe. Manhajar tana hasashen kalmar da za ta biyo baya ne daga rubutun da aka horar da ita a kai, don haka tana iya kawo lissafin da bai daidaita ba cikin lafazin mai tabbaci. Ɗalibin da bai riƙe tushen darasi ba ba zai gano kuskuren ba. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO, masu ɓangaren gwajin hannu: yaro ne zai ɗiga asid da kansa har launin ruwan ya sauya, ya karanta ma'auni, ya zana jadawali. Malamai da dama na ganin makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ba kayan aiki ta fi buƙatar sinadarai da madubin ganin ƙwayoyin halitta. Tsadar data da ɗaukewar wuta kuma suna raba ɗan mai hali da ɗan mai tura baro a kasuwa.

A Satumban 2023 hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta fitar da jagora kan amfani da wannan fasaha a ilimi, ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da ita a aji, ta kuma nemi a horar da malamai. Legas ta taɓa raba wa malaman firamare allunan kwamfuta ƙarƙashin shirin EKOEXCEL da aka ƙaddamar a 2019, amma wancan darasi shiryayye yake kawo wa malami. Abin da wasu malaman sakandare ke yi yanzu shi ne su sa ɗalibi ya fito gaban allo ya bayyana yadda ya kai ga amsar da ya rubuto daga gida, mataki bayan mataki, kafin a ba shi maki.